Zanen da Na Rufa wa Na'ura

Litinin, 6 ga Yuni 1988, Tanut

Duk wanda wannan kaye, littafin rubutun nan nawa, ya faɗa hannunsa, ya yi mini haƙuri. Ban so in ɗora wa kowa wahalar karanta shi ba, ga ajamina ya lalace tun da ido ya fara gajiya. Don kaina na fara, saboda na yi abin da ban iya faɗa wa mutum.

Shekara uku ke nan ina shara da dafa shayi a biron furoje, ofishin nan mai raba irin hatsi. Ko kofi ban taɓa fasawa ba.

Yau da safe Mushe Attahir, kamar yadda ake kiran ƴan boko, mai aiki da na'urar nan da suke kira ordinatar, ya shigo da fara'arsa. “Yaya Rakiya, ina kwana? Yau za ki ga aiki.” Yaya yake ce mini don a zauren babana Malam Zakari ya yi karatun allo. Ya zauna, ya danna maɓallin kibiya mai kallon sama. Ba abin da ya fito. Ya sake, ya sake. Ina bayansa da tsintsiya, na ga wuyan rigarsa ya jiƙe.

Abin da ban sani ba sai yau: makon jiya Madam Lantana, wadda ta zo daga Damagaram, ta yi kwana biyu tana ba na'urar umarni layi bayan layi, ta gyara wannan ta sake wancan, har ta iya fitar da garuruwan Gangara da Tarka da ba su da iri a jere, wanda za a fara kai wa da wanda zai biyo. Da za ta tafi ranar Juma'a ta ce kada a kashe, duk abin da ta buga yana cikin kanta, a danna kibiya zai dawo ɗaya bayan ɗaya, Litinin Attahir ya kwafe. Aka ce wa Gajere, mai kula da gurup, injin da ke ba mu wuta, kada ya bari ya tsaya ko na ƙiftawar ido. Ni ina bayan gida ina wanke kofuna. Ba wanda ya faɗa mini, me za a faɗa wa mai shara?

Asabar bayan azahar na shiga da makullina. Ɗaki ba kowa, zafi kamar tanda, ita kaɗai tana gunji. Na taɓa bayanta, zau. Na ce mantuwa suka yi, baiwar Allah za ta ƙone. Akwai koren rubutu a gilashinta, na gani sarai. Amma ni abin da na sani game da rubutu, in ba ruwa ba, ko wuta, ko gara, yana nan inda aka bar shi. Na danna maɓallin gefe. Na rufa mata tsohon zanena shuɗi. Yau na yi sammako, na janye zanen, na kunna don ya same ta yadda ya bari. Har ina jin na yi abin kirki.

Shef, babban biro, ya sa aka kira Gajere. Ya tsaya a ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

“Shef, a kawo Alƙur'ani in dafa. Tsohuwa ko tari ba ta yi ba tun Juma'a.” Tsohuwa yake ce wa gurup ɗin.

“To aljanu ne suka kashe suka kunna? Barci ka yi, mai ya ƙare, ka farka ka tada shi.”

Na share wurin da na riga na share.

Talata, 7 ga Yuni

Na kai shayi. Na gaishe su kamar kullum. Wannan ma abin kunya ne.

Laraba, 8 ga Yuni

An karɓi makullin ɗakin gurup daga hannun Gajere, an ba Mato shofer, mai tuƙa motar furoje. Ya zauna gida har shef ya yanke magana.

Na tambayi Attahir, kamar mai tambayar banza, rubutun ina ya tafi. Ya ce sunayen garuruwa da na masu gida suna nan lafiya cikin disket, faifan nan baƙi da ake turawa a bakinta. Abin da ya ɓace shi ne maganar da aka yi da ita, hanyar da Madam ta bi. “Yaya, haddarta ta zama ɗaya ce. Ana kashe ta ta wanke allonta, ko an biya ko ba a biya ba.” Ya buga waya Damagaram, an ce Madam ta wuce Yamai, sai bayan kwana goma. Za su jera garuruwan da hannu, shi da shef. Sama kuwa ta fara haɗa hadari ta gabas.

Na ce, “Allah ya kyauta.” Ni na faɗi haka. Da bakina.

Juma'a, 10 ga Yuni

Ina ƴar shekara tara na wanke allon Abdu, ɗan maƙwabtanmu, na zaci nawa ne, alhali bai biya ba. Kafin ruwan ya bushe na je gaban Baba na faɗa. Bai dake ni ba. Ya sa na zauna kusa da Abdu har aka sake rubuta masa. Shekaru yana ba baƙi labarin nan, ni ina sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Yarinyar nan ina ta tafi?

Ba aikin nake tsoron rasawa ba, ko kuma ba shi kaɗai ba. Mata suna kawo mini ajiya. Ni ake kira wankan gawa. In an ce ɗiyar Malam ta faɗa, magana ta ƙare. Ran Litinin kuskure ne, da na buɗe baki da dariya ma za a yi mini. Yanzu kwana biyar. Yanzu in na faɗa, tambayar farko ita ce, kina ina tun ran nan?

Lahadi, 12 ga Yuni

Hawa matar Gajere ta zo da hantsi. Ta gaishe ni har ƙasa, ta zauna bakin tabarma, ta daɗe tana murza gefen mayafi.

Ta ce tun da fari ya cinye masa raƙuma shekara huɗu da suka wuce bai sake dariya ba sai da ya sami aikin nan. Ya ɗauki gurup ɗin kamar dabba, yana jin muryarsa daga gida ya san abin da ke damunsa. Yanzu ba ya ci, ba ya fita sai masallaci. “Malama, rubutu na zo ki yi mana ya sha. Allah ya bayyana gaskiya, ya sanyaya zuciyar shef. Hannunki hannun Malam ne.”

Na ce idona ba ya gani sosai. Ta ce ko layi uku ne.

Na ɗauko allon Baba. Na dama tawada. Na rubuta da hannun da ya danna maɓallin, na wanke a ƙwarya, na juye mata a kwalba. Ta ajiye mini goro biyu, na ce ta ɗauke, ta ce sadaka ba a mayarwa. Suna nan kan taga. Ban iya ci, ban iya bayarwa.

Talata, 14 ga Yuni

An yi ruwa a Gangara jiya, ruwan shuka sosai. Yau dattawa shida suka zo a kan amalanke, suka zauna gindin itacen bedi a ƙofar biro. Babbansu ya ce ƙasa ta jiƙe har kamu ɗaya, laimar ba za ta jira takarda ba. Shef ya fito yana share gumi, ya ce jerin bai kammala ba, “mai gurup ɗinmu ne ya yi barci ya ɓata mana aiki.” A gabansu. Da suna.

Ni na kai musu ruwa. Ɗaya ya ce, “Gajeren da muka sani? Mai raƙuma?” Wani ya ce, “Mutum in ya sami inuwa ai sai barci.”

Alhamis, 16 ga Yuni

Na yi niyya tun daga gida. Na shirya kalmomin a hanya, na maimaita su kamar tilawa. Na same shi shi kaɗai, na ce, “Attahir, akwai maganar da...” Ya ɗago, idonsa jawur, ya ce, “Yaya, don Allah in ta sukari ce ki ɗauka a kabad. A gidan nan ke kaɗai ce ba ki taɓa sa mini ciwon kai ba.”

Na ce ta sukari ce.

Mato ba ya barin gurup ya wuce ƙarfe shida, saboda haka kullum da yamma ana kashe na'ura, kullum da safe Attahir ya koma farko yana laluben abin da ya gano jiya. Yau ya dace da wasu layuka da suka yi aiki, ga lokaci ya ƙure, ga shef yana kiransa. Ya ce, “Kin iya baƙaƙen boko ai, na yaƙi da jahilci. Kwafe mini waɗannan yadda suke, ko ɗigo kada ki bari.” Ba takarda kusa sai kayen nan da ke cikin jakata. Na juya shi ta baya na kwafe. Layi goma sha ɗaya. Ban san abin da suke cewa ba, zana su na yi kamar zanen ƙwarya.

Juma'a, 17 ga Yuni

Da safe ya karɓi kayen a hannuna yana bugawa daga shafin baya. Babban yatsansa yana kan shafukan gaba. Ya iya ajami, ni na riƙe masa alƙalami ran da ya fara. Da iska ta ɗaga takarda ɗaya, shi ke nan.

Ban san wanne na roƙa ba, ta ɗaga ko kada ta ɗaga.

Duka goma sha ɗayan suka yi aiki. Ya miƙo mini yana dariya. “Ke ce mai riƙe mana tarihi yanzu.”

Asabar, 18 ga Yuni

Na kwafe layi tara. Na ce wa kaina ramuwa nake yi. Gajere bai san da ita ba, bai kuma ci komai a cikinta ba.

Litinin, 20 ga Yuni

Madam Lantana ta iso da rana, da tabarau da ɗan kwali ja, tana magana tun daga mota. Da ta ji abin da ya faru ta dafa kai. “Kai, Attahir! Kwana goma sha huɗu kuna kuka a kan abin da layi biyu ke magani? To rabin laifin nawa ne, sauri nake in kama mota, da na adana kafin in tashi.”

Ta zauna, yatsunta kamar mai tsinkar zogale. Kafin la'asar ta maido da komai. Sannan ta nuna masa. Jerin umarnin da aka ba na'ura tun daga kunnawa, shi take kira istorik. Kafin a tashi, a buga layi ɗaya, a ce mata ta zuba jerin nan cikin disket, da suna da kwanan wata. Da safe a buga wani, ta ɗebo shi ta mayar cikin kanta, kibiya ta same shi kamar ba a kwana ba. Ta ce mutum mai mantuwa ne, don haka ta ɗaura layukan biyu a wurin da na'urar za ta yi da kanta, ɗaya in za a fita, ɗaya in an shiga. Kuma bayan kowane aiki babba ya adana, kada ya jira yamma, don wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Ta gwada a gabanmu. Ta kashe, ɗif. Ta kunna, ta danna kibiya, ga layin ƙarshe ya dawo, ga na bayansa. Attahir ya yi kabbara.

Ya nuna mata shafukan bayan kayena. Ta duba ta ce, “Inna, ko waƙafi ba ki ci ba. Da a Damagaram kike da na ɗauke ki aiki.”

Ban san lokacin da na tambaya ba. Na ce, yanzu da ta iya riƙewa, za ta iya faɗin abin da ya same ta ran nan? Wuta ce ta yanke, ko hannu ne?

“A'a, Inna. Daga yau ta fara. Na baya ba ta san an yi ba. Wuta ko hannu, duk ɗaya ne a wurinta.”

Wani sanyi ya sauko mini har ƙafa. Daɗi na ji. Ina rubuta shi a nan don kada gobe in ce ban ji ba.

Ta ce wa shef a yi wa mai gurup sassauci tun da ita ma da nata laifin. Ya ce barci barci ne.

Laraba, 22 ga Yuni

An loda iri. Attahir ya bi motocin zuwa Belbeji, daga can Tarka, sai bayan kwana goma. Na Gangara ya tafi tun jiya, a makare, amma sun ce za su shuka a ruwa na biyu.

Shef ya tafi Damagaram. Mato ya ce can zai nemo sabon mai gurup, yana jiran rahoton Attahir kawai, don shi ne mai ɗakin na'ura, abin da ya rubuta shi za a bi. Litinin zai aika da shi daga Belbeji.

Na haɗu da Hawa a rijiya. Ta ce Gajere zai bi motar Alhamis ta makon gobe zuwa Arlit neman dako, ya ce ba zai zauna garin da ake nuna shi da baki ba. Mutumin da ya haura hamsin. Ta ce in ci gaba da sa su a addu'a.

Alhamis, 23 ga Yuni

Biro shiru. Na share ɗakin, ban taɓa na'urar ba. Ita yanzu tana da inda take ajiye nata. Na ran Asabar ɗin nan babu shi a ko'ina a duniya sai a nan.

Goron ya bushe.

Juma'a, 24 ga Yuni

Bayan an sauko daga masallaci na je gidan Gajere. Sau biyu ina wuce ƙofar.

Na same shi a zaure yana tuƙa igiyar ɗaurin kaya. “Lale, Malama. Hawa, kawo tabarma, ɗiyar Malam ce.” Na ce a bar tabarma. Na durƙusa a ƙasa. Na ce, “Malam Gajere, ni ce.” Sai na ƙara. “Ni na kashe na'urar.”

Bai bar tuƙar ba. Ya ce, “Shuɗi ne, da faci a gefe ɗaya.”

Ban gane ba.

“Zanen. Ran Asabar ɗin ina zaune na ji muryar tsohuwa ta sake, kamar raƙumin da aka rage wa kaya. Na zaga na leƙa ta taga. Ba ni da makullin ɗakin, kuma Madam ta ce in ta mutu sau ɗaya magana ta ƙare.”

Na ce, me ya hana ka faɗa?

“Ko na yi barci aka tambaye ni, na ce ban yi ba. Sauran ba nawa ba ne. Na ce ɗiyar Malam Zakari ce, gobe za ta faɗa da bakinta. Gobe ta yi, na ce jibi.” Ya ɗan yi dariya, ba ta jin daɗi ba. “Kwana goma sha takwas, Malama. Har na fara zargin idona.”

Hawa tana tsaye da tabarmar a hannu. Ta dube ni, ta dube shi. “Ka sani, ka bar ni na je wurinta? Ka kuma sha?”

“Na sha mana. Addu'a ce, ina ruwanta da hannun da ya rubuta? Ga shi kuwa ta karɓu.”

Na roƙe shi gafara. Ya ce tsakaninsa da ni ya yafe, amma ba shi ke rubuta rahoto ba, kuma ba a zauren nan aka ɓata masa suna ba.

Hawa ba ta raka ni ba. Ta yi daidai.

Asabar, 25 ga Yuni

A kan murfin motar Mato nake rubuta wannan, rubutun zai karkace.

Na iso ya riga ya tada mota zai kai sauran buhuna Belbeji, har ya kai bakin ƙofa. Na kira shi daga gindin bedi. Ya taka birki ya leƙo, ya ce shekara uku bai taɓa jin muryata daga nesa ba, ya zaci gobara ce. Masu dako huɗu suna tsaye, da mai goron bakin titi. Ya ce saƙon me ne haka da gaggawa. Na ce ni na kashe na'ura ran Asabar ɗin nan, Gajere bai yi barci ba, gurup bai tsaya ba. Ɗayansu ya ce, “Wa?” Na sake faɗa. Kafin azahar duk Tanut ta ji, na sani. Ban ce abin ya yi sauƙi ba. Amma dai ina tsaye.

Attahir, ƙanena, yanzu da kai nake. Shafukan baya ba ka bukatarsu kuma, na'ura ta iya riƙe nata. Ka fara daga gaba. Ban goge komai ba, har wuraren da na so in goge. Ka karanta kafin ka rubuta rahotonka, ka sa sunana a ciki yadda yake, Rakiya Zakari, ka sa ranar da na yi da yawan kwanakin da na yi shiru. Makullin ɗakin yana cikin ƙullin da ke tare da kayen, in ka ga bai kamata ya koma hannuna ba ka riƙe. Na Gajere nake roƙo a mayar masa, kuma shef ya faɗa a gindin bedin da ya faɗi wancan.

Mato yana ta oda. Motar Arlit ran Alhamis take tashi da safe. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, ko layi ɗaya ne, ka ba Mato ya dawo da ita gobe.